Jirgin ruwa mai gudu don shaƙatawa a tafkin Kainji: buri ne mai ma'ana ko ɓarnar dukiya?

Ɗan_Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ruwa da waɗanda suka san inji a wannan zaure. Na daɗe ina sha'awar mallakar irin jiragen nan masu gudu na fiba, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, waɗanda ake yi wa ɗan ɗaki a ciki da wurin kwanciya da banɗaki, ba don haya ko jigilar kaya ba, sai don in riƙa fita da iyalina cikin tafkin Kainji a ranakun da ba ni da aiki. A Yelwa aka haife ni, a bakin Neja na girma, amma ban taɓa shiga ruwan nan ba sai da wata lalura, ko cin kasuwa, ko biki, ko gaisuwar rasuwa a gungu. Ina so 'ya'yana su san kogin nan ta wata fuska dabam. Abokaina sun ce wannan sha'anin mutanen Legas ne da Turawa, kuma kuɗin zai tafi a banza. Shin irin wannan jirgi zai yi aiki a ruwanmu, kuma me ya kamata in sani kafin in fara neman sa?

Bakabe_a_Ikko:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ina goyon bayanka, domin na shiga irin jirgin a nan Legas kuma na fahimci abin da ke jan mutane gare shi. A ƙarshen mako za ka ga suna tashi daga Ikoyi, inda ƙungiyar masu jiragen inji take, suna nufar Tarkwa Bay ko Ilashe da iyalansu. Lokacin da direba ya ƙara wuta, goshin jirgin yana ɗagawa har ka daina ganin abin da ke gabanka na ɗan lokaci, sannan ya kwanta a kan ruwa ya miƙe, ƙarar injin ta daidaita, iska ta riƙa dukan fuskarka, gari kuma ya koma baya cikin 'yan mintoci. Babu cunkoson motoci, babu ramuka, babu shingen kan hanya. Idan ka isa inda kake so sai ka kashe inji, yara su ci abinci, wanda ya gaji ya shiga ɗaki ya kwanta. Ruwan Kainji kuwa ya fi na Legas tsabta da sarari, kuma ba shi da gishirin da ke cin ƙarfe.

Injiniya_Bagudo:
Abin da ɗan'uwanmu na Ikko ya kwatanta, wato jirgin ya ɗaga goshi sannan ya kwanta, shi ne asalin bambancinsa da jiragenmu na katako, kuma a nan ne kuɗin yake tafiya, don haka zan ɗan tsawaita.

Jirgin katako mai nauyi yana tafiya ne ta hanyar ture ruwa gefe, kuma gudunsa yana da iyaka da tsawonsa ya gindaya masa. Jirgi mai tsawon mita 9 irin wannan da wuya ya wuce kilomita 13 zuwa 14 a awa ɗaya ba tare da wahala ba, ko da an ƙara masa inji. Shi kuwa jirgi mai gudu an ƙera gindinsa ne domin ya hau saman ruwa ya riƙa zamewa, kuma idan ya hau yakan yi kilomita 40 zuwa 55 a awa. Amma ɗaga jirgi mai nauyin tan biyu ko uku zuwa saman ruwa da riƙe shi a can yana buƙatar ƙarfi mai yawa. Jirgi mai ɗaki na mita 8 zai nemi inji mai ƙarfin doki 250 ko fiye, alhali manyan jiragenmu na fasinja da yawa suna aiki da Yamaha mai doki 40 ko 75.

Ga lissafin da masu jiragen ke amfani da shi. Injin fetur mai doki 250 yana shan kusan lita 90 a awa idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya, a matsakaicin gudu kuma wajen rabin haka. Tafkin Kainji yana da tsawon kusan kilomita 135, saboda haka daga Yelwa zuwa kusa da madatsar ruwan Kainji tafiyar awa uku ce a irin wannan gudu, zuwa da dawowa kuma za ta ci kusan lita 300. Sai Alhaji ya ninka wannan da farashin lita ɗaya a gidan mai na Yauri, wanda kowa ya san yadda ya koma tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Ban faɗi haka don in kashe masa gwiwa ba, na faɗa ne domin mutane da yawa suna tanadin kuɗin saye su manta da kuɗin riƙo.

Hajiya_Ngaski:
Ku yi mini haƙuri, amma zuciyata ba ta karɓi wannan magana da sauƙi ba. A ƙarshen watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra, kuma har yau akwai gidaje a ƙasarmu da ba su farfaɗo daga wannan rashi ba. Mata ne da yara da 'yan kasuwa waɗanda ba su da wata hanya sai wannan jirgi. A ruwan da mutane ke mutuwa saboda rashin jirgi mai kyau da rashin rigar kariya, ina ganin wanda Allah ya hore wa dukiyar sayen jirgin shaƙatawa ya fi dacewa ya sayi jirgin fasinja mai inganci ya sa shi a hanyar gungu. Ba ina zarginka ba ne Alhaji, ina faɗar abin da ke raina.

Ɗan_Yelwa:
Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Maganarki tana da nauyi kuma na karɓe ta. Sai dai wannan rashi da ire-irensa suna cikin abin da ya sa nake wannan tunani. Yaran da ke tasowa yanzu ba sa jin sunan kogin nan sai a labarin haɗari, suna tsoronsa, ba su iya iyo ba, ba su san sunan gungu ko ɗaya ba. Ina so nawa su saba da shi cikin natsuwa, da rigar kariya a jikinsu, su san inda yake da zurfi da inda ba a wasa da shi.

Malam_Gwandu:
Game da ɓangaren addini, ba na ganin akwai abin da ya haramta wannan a asalinsa. A Suratul A'araf Allah ya hana almubazzaranci, kuma a ayar da ke biye ya tambayi wane ne ya haramta ƙawar da ya fitar domin bayinsa da daɗaɗan abubuwa na arziki. Ma'aunin shi ne halin mutum: idan ya sauke zakka, ya biya bukatun iyalinsa da na waɗanda ke wuyansa, bai ci bashi don nuna isa ba, to abin hawa na ruwa hukuncinsa ɗaya da abin hawa na tudu. Shawarar Hajiya kuma ba ta ci karo da burin Alhaji ba, domin mutum yana iya yin nasa ya kuma raba rigunan kariya a tashar jirage, ladansa kuwa yana wurin Allah.

Tsohon_Basarke:
Ni masunci ne, ubana masunci ne, kuma ina so yaran nan su saurare ni da kyau, domin duk abin da aka faɗa a sama maganar inji ce da kuɗi, ba a taɓo ruwan kansa ba.

Tafkin nan ba kogi ba ne da Allah ya shimfiɗa haka tun asali. Da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya hau kan garuruwa da gonaki da dazuzzuka, tsohuwar Bussa ta nutse, an tashi dubban mutane, har da Gungawa da yawa da suka bar tsibiransu. Itatuwan da ruwan ya rufe ba duka aka sare ba, wasunsu suna nan a tsaye a ƙarƙashi har gobe. Idan tafki ya cika ba ka ganinsu. Idan ya fara janyewa a bazara kafin damina ta kankama sai kawunansu su matso kusa da sama, wani ma tafin hannu ɗaya ne tsakaninsa da fuskar ruwa, ba abin da zai nuna maka shi sai wani ɗan murɗawa da ruwa ke yi a wurin, wanda ido bai iya gane shi sai ya saba. Mu da muke tafiya a hankali muna ganin wannan alama mu kauce. Wanda yake gudun kilomita 50 a awa kafin ya gani ya riga ya hau. Katako idan ya bugu yakan tsage ya ba ka lokacin kwarfe ruwa, ban san yadda fiba take yi ba, wannan sai Injiniya ya faɗa.

Na biyu, hanyar da ka bi bara ba lallai ta ɓulle bana ba, domin yashi yana tashi daga nan ya taru a can. Ruwan nan sau biyu yake zuwa mana a shekara: farin ruwa na daminarmu mai laka, da baƙin ruwa da ke isowa daga can ƙasar Gini lokacin sanyi. Kowanne da halinsa. Na uku, akwai dorina, kuma mai ɗa ba ta son ƙarar inji kusa da ita. Na huɗu, hadarin farkon damina yana tasowa ne farat ɗaya, kuma a inda tafkin ya yi faɗi, wajen tsibirin Foge, igiyar ruwa takan tashi har babban jirgi ya ji a jikinsa. Idan ka saya, Alhaji, kada ka fita ba tare da ɗan gari da ya san ruwa ba, kuma ka fara gaida Sarkin Ruwa na wurin da za ka riƙa ajiye shi.

Injiniya_Bagudo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amsar tambayarka ita ce fiba tana da ƙarfi, amma idan ta haɗu da kututture a irin wannan gudu takan fashe, kuma sau da yawa ba jikin jirgin ne ke fara lalacewa ba, ƙafar injin ce da farfela. Wannan ya sa nake ba Alhaji shawarar ya nemi mai injin rataye a baya, kada ya ɗauki mai inji a ciki. Na rataye ana iya ɗaga ƙafarsa idan an shiga wuri marar zurfi, ana iya kwance shi a kai wa makanike a mota, kuma makanikanmu sun saba da irinsa. Manyan jiragen da kamfanonin Ingila irin su Sunseeker da Princess ke ƙerawa suna da kyau a hoto, amma yawancinsu injin dizal ne a cikinsu, suna buƙatar zurfi da wurin ɗaurewa da na'urar ɗaga su daga ruwa, waɗanda duk babu su a Yauri.

Makaniken_Tasha:
Ina tare da Injiniya a kan injin rataye, sai dai zan gyara abu guda. Injinan da muka saba da su a tasha ƙanana ne masu gauraya fetur da baƙin mai, kuma kayansu suna samuwa. Babban inji na zamani mai doki 200 zuwa sama kwamfuta ce ke sarrafa man da yake sha, idan ya kawo matsala sai an jona masa na'ura kafin a san ciwonsa, kuma ba ya jure fetur mai ruwa ko datti. Sannan kusan duk injin rataye da ruwan kogi yake sanyaya kansa, ta wani ɗan famfo na roba da ke cikin ƙafarsa. Lokacin farin ruwa yashi da laka suna cinye wannan roba da sauri, kainuwa da leda kuma suna toshe ƙofar shigar ruwan. Duk mai jirgi ya riƙa duba ɗan siririn ruwan nan da ke fita ta bayan inji, idan ya tsaya to a kashe nan take. Ina ba da shawarar a sayo robar famfon da farfela da matatar mai fiye da ɗaya tare da jirgin tun daga Legas.

Bamafare_74:
Gaisuwa daga Zamfara. Ina bin muhawarar nan da sha'awa, kuma ina so in gaya wa mutanen Kebbi su gode wa Allah da abin da suke da shi. Mu ma muna da tafkin Bakolori a kan kogin Sakkwato, wanda aka kammala a 1978, kuma da akwai kwanciyar hankali da ya isa wurin da iyali za su je su wuni. Amma a halin tsaron da muke ciki ba wanda zai yi tunanin ɗaukar matarsa da 'ya'yansa ya tafi bakin ruwa don hutu. Tambayata ga mutanen Yauri ita ce, shin duk gaɓar tafkin ana iya tsayawa a cikinta lafiya, musamman ta ɓangaren dajin da ke yamma?

Ɗan_Shanga:
Malam Bamafare, amsar a taƙaice ita ce ba ko'ina ba. Akwai wuraren da mutanen gari da kansu ba sa yada zango, kuma labarin yana canjawa daga wata zuwa wata. Jirgi fari mai sheƙi da ƙarar babban inji abu ne da za a gani daga nesa a kuma yi maganarsa a kowane ƙauye. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗakin kwanan da Alhaji yake so ya zama na hutun rana kawai, domin ban ga mai hankalin da zai kwana da iyali a tsakiyar tafki yanzu ba. Dama hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, wadda ke da ofis a Yauri, ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma wurinta ake yi wa jirgi rajista.

Malama_Birnin_Kebbi:
Ni abin da ya ja hankalina shi ne maganar Alhaji cewa yaranmu ba sa jin sunan kogi sai a labarin haɗari. Ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma ɗalibaina suna karanta cewa Baturen nan mai binciken kogin Neja, Mungo Park, ya bi ta Yauri ya rasu a Bussa a 1806, suna karanta madatsar Kainji a darasin labarin ƙasa, amma mafi yawansu ba su taɓa ganin ruwan da idonsu ba. Jihar da take da bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, take kuma da bikin Rigata a Yauri inda ake tseren jirage, bai kamata a ce shaƙatawa a ruwa baƙon abu ne a cikinta ba. Kakanninmu sun san ruwa wurin wasa ne da gwada bajinta kamar yadda yake wurin neman abinci. Abin da ya canja shi ne irin jirgin.

Matashin_Masunci:
Malama, gaskiya ne, amma a tseren Rigata kowa ya san ranar, kowa ya janye komarsa. Damuwata ita ce ranar da ba biki ba. Jirgi mai gudu yana barin igiyar ruwa mai ƙarfi a bayansa, kuma ƙaramin kwale-kwale da aka loda wa buhunan albasa ko shinkafa yatsu kaɗan ne tsakanin bakinsa da ruwa. Igiya ɗaya ta ishe shi. An taɓa wucewa ta kusa da ni da irin wannan gudu ina cikin jan koma, ruwa ya shigo mini har gwiwa, farfela kuma ta yanke igiyar mamarin da na kafa da ƙugiyoyinta duka, mai jirgin bai ma san ya yi ba. Wannan asarar ta wata guda ce a wurina. Idan Alhaji zai saya, ina roƙonsa ya rage wuta tun daga nesa duk inda ya hangi kwale-kwale ko alamar koma a kan ruwa, ko mata masu wanki a gaɓa.

Injiniya_Bagudo:
Ƙanena ya faɗi gaskiya, kuma akwai abin da ya kamata a ƙara. Irin wannan jirgi ya fi tayar da igiya a lokacin da yake tsakatsaki, wato bai hau saman ruwa ba kuma bai sauka ba, goshinsa a sama gindinsa a nutse. Direban da ya ɗan rage wuta yana ganin ya kyauta, alhali igiyar da ya tayar ta fi ta da girma. Rage gudun da ke da amfani shi ne a sauko gaba ɗaya zuwa tafiyar ƙafa. Haka kuma a kula da igiyar kashe inji da direba ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke kashe injin idan ya faɗa ruwa, da kuma hayaƙin inji ko na janareto da kan taru a cikin ɗaki ba tare da wari ba ya kashe mai barci. Man tafiya kuma a kasa shi uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya, domin babu gidan mai a tsakiyar tafki.

Bakabe_a_Ikko:
Ina ganin an tara wa Alhaji matsaloli har an kusa mantawa da tambayarsa. Duk abin da Baba da Injiniya suka lissafa abu ne da ake koyo, kuma masu jirage a ko'ina cikin duniya suna da nasu duwatsun da nasu yashin. Gudun da ake ta tsoro shi ne kuma amfanin jirgin: mutumin da ke da yini ɗaya kacal na hutu zai iya tashi bayan sallar asuba, ya kai inda jirgin katako ba zai kai ba sai la'asar, ya dawo gida kafin magariba. Idan hadari ya haɗo, mai gudu ne ke riga shi zuwa gaɓa. Kuma Hajiya, a ranar da jirgin fasinja ya kife, jirgi mai gudu da ke ɗaure a Yelwa da mai a tankinsa yana iya zama na farko da zai isa wurin.

Hajiya_Ngaski:
Wannan magana ta ƙarshe ta shige ni, ɗana. Idan mai jirgin zai bar lambarsa a wurin shugabannin tasha, ya yarda a kira shi kowane lokaci, to ra'ayina zai sassauta. Amma ina nan a kan cewa jirgin fasinja ya fi shi lada.

Ɗan_Yelwa:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Sharaɗin Hajiya na amince da shi tun yanzu, haka ma roƙon ƙanena masunci. Bayanin Ɗan_Shanga ya sa na fara tunanin ko ɗakin ma dole ne, ko kuwa jirgi mai mita 6 da rumfa da inji mai doki 115 zai wadatar, tunda ba kwana za a yi ba. Sai dai uwargida ta fi son mai ɗaki saboda banɗaki da wurin da yara za su fake wa rana. Injiniya, idan na samu na hannu a Legas, ta yaya ake kawo shi nan?

Injiniya_Bagudo:
Ta mota, Alhaji, a kan tirelar da aka ƙera domin jirgin, ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora. Ka tabbata faɗinsa bai wuce mita biyu da rabi ba, domin wanda ya wuce haka jan sa a hanya wahala ne. Jirgin da ya yi aiki a Legas ya sha ruwan gishiri, saboda haka kada ka biya kuɗi sai an gwada shi a ruwa a gabanka, an duba matsin kowace silinda, an zare man ƙafar injin an ga bai yi fari ba, domin farinsa alama ce ruwa yana shiga. A taka ko'ina a daɓen jirgin a ji ko akwai inda yake lotsawa, a kuma girgiza injin a ga ko allon bayan da aka rataye shi yana motsi, tunda katakon da ke cikin fibar yakan ruɓe ba a gani. Akwai masu mita 7 da ɗan ƙaramin ɗaki a goshi da banɗakin tafi-da-gidanka, waɗanda doki 150 zuwa 200 ke ɗauka, ina ganin su ne tsakanin ra'ayinka da na uwargida.

Tsohon_Basarke:
Kafin ka sayi komai, ka zo lokacin sanyi idan baƙin ruwa ya iso, mu shiga jirgina in nuna maka hanya daga Yelwa zuwa Warra, sannan ka sake dawowa a bazara ka ga wurin da muka bi yadda ya koma. Ka zo da wanda zai riƙa tuƙa maka, idan kuma kai za ka tuƙa da kanka to ka zo da littafi da biro.

Makaniken_Tasha:
Alhaji, ka duba kuma inda za ka riƙa sauke shi da fitar da shi, domin gaɓarmu laka ce idan ruwa ya janye, kuma tirela mai ɗauke da tan biyu za ta kafe a ciki. Za ka buƙaci mota mai jan ƙafa huɗu, ko ka yi magana da mai tarakta a kusa. Idan an kawo injin, ka turo mini lambar samfurinsa tukuna in bincika ko ana samun kayansa a Kano ko Onica.